Kuɗin Da Ke Cikin Takardar Inshorar Rai: Nawa Ne, Kuma Na Wane Ne?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da za mu tattauna a kansa a wannan zama ya shafi aljihun mutane da yawa a cikin birnin nan na Katsina, ko da yake ba kowa ne yake son a san yana ciki ba. Wakilan kamfanonin inshora suna zagaya ofisoshin Sakateriya da makarantu da asibitoci, suna shiga shagunan Babbar Kasuwa, suna nuna wa mutane takardu masu ƙyalli: wannan na karatun yara ne, wancan na tanadin tsufa ne. Mutum ya sa hannu, a riƙa cire masa kuɗi kowane wata. Sai bayan shekara biyu ko uku ya zo wurin malamai yana tambaya ko halal ne ko haram. Tambayar tana kan hanya. Amma akwai wata wadda ba kasafai ake yin ta ba, alhali kuwa ba a gama amsa ta farkon sai da ita: in na tsaya yau, nawa za a ba ni? Malaman usulu sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. Saboda haka za mu fara da fahimtar, sa'an nan mu zo ga hukuncin.

Kuɗi uku ne, ba ɗaya ba

A cikin kowace takardar inshorar rai akwai adadi uku da mutane suke cakuɗawa. Na farko shi ne abin da ka zuba, wato jimillar kuɗin da aka cire maka tun daga ranar da ka shiga. Na biyu shi ne abin da kamfani ya yi alkawarin biya in ka rasu, ko in wa'adin da aka ɗiba ya cika kana raye. Wannan shi ne babban adadin nan da wakili yake ɗora yatsa a kansa. Na uku shi ne abin da za a ƙirga maka a hannu in ka ce ka janye kafin wa'adi. Shi ne muke kira kuɗin janyewa, kuma a takardun da ake rubutawa da Turanci za ku same shi a ƙarƙashin kalmar nan da muka ara muke cewa saranda. Wannan na ukun shi kaɗai ne ainihin abin da kake iya kai hannu gare shi kana raye kafin wa'adi ya cika. Kuma a shekarun farko yakan gaza abin da ka zuba nesa ba kusa ba. Wani lokaci ma babu ko kwabo.

Ba kowace inshora ce take da wannan kuɗi ba. Akwai ta wa'adi zalla, wadda in mutum ya rasu a cikin shekarun da aka ambata a biya iyalinsa, in kuwa ya wuce su da rai shi ke nan, ba a mayar masa da komai. Irin wannan ce Dokar Gyaran Fansho ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2014, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata da ke ƙarƙashinta su yi wa ma'aikatansu a jumlace, a kan abin da bai gaza ninki uku na albashin shekara ba. To, ma'aikacin tarayya da ke aiki a nan Katsina ya sani ba shi da wani ajiyayyen kuɗi a can da zai je ya karɓa ranar da ya bar aiki; haƙƙi ne na magadansa in ajali ya riske shi yana bakin aiki. Haka nan ɗan fansho da ya zaɓi ya miƙa abin da ya tara ga kamfanin inshora don a riƙa biyansa wata-wata har ƙarshen ransa: wannan ƙofa ce da in an shige ta ba a komowa a ce a ba ni dunƙulallen kuɗina, abin da ke akwai kawai shi ne lamunin shekara goma, in ya rasu a cikinsu a biya magada ragowar. Waɗanda suke da kuɗin janyewa su ne inshorar tsawon rai, wadda ba ta ƙarewa sai da mutuwa, da inshorar tanadi, wadda ake biya a ƙarshen wa'adi ko an rasu ko ana raye. Yawancin abin da ake tallata mana da sunan karatun yara yana cikin wannan kashi na ƙarshe.

Daga ina wannan kuɗi yake fitowa?

Asalin lissafin ba mai wuya ba ne. Ajali a hannun Allah yake, babu wanda ya san ranarsa. Amma in aka ɗauki mutum dubu masu shekara talatin da wasu dubu masu shekara sittin, al'adar da Allah Ya gudanar ita ce waɗanda za su rasu a cikin shekara sun fi yawa a kashi na biyu. Tun 1693 wani Bature mai suna Edmond Halley ya tsara jadawalin wannan daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, kuma a 1762 aka kafa kamfanin Equitable a Landan wanda ya gina kuɗin zubi a kan shekarun mai shiga. Da za a bi gaskiyar haɗarin, da kuɗin zubi ya riƙa hawa kowace shekara har ya gagari tsoho. Sai kamfanoni suka daidaita shi: abin da ka fara biya kana saurayi shi za ka ci gaba da biya kana dattijo. Ma'anar wannan ita ce a shekarun ƙuruciya kana biyan fiye da haɗarinka, a riƙa tara rarar don ta cike giɓin shekarun tsufa, kamar dai manomin da yake zuba hatsi a rumbu da kaka don ya ci da bazara da tsakiyar damina. Wannan rumbu shi ne tushen kuɗin janyewa. A inshorar tanadi rumbun ya fi girma, domin dole ne ya cika ya kai adadin alkawari ranar da wa'adi ya yi.

Sai dai kamfani ba ya barin hatsin a rumbu. Yana juya shi, kuma mafi yawan inda yake kai shi a ƙasar nan shi ne takardun bashin gwamnati da ajiyar banki mai kuɗin ruwa, sa'an nan hannun jari da gidaje. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, me ya sa wanda ya janye da wuri yake fitowa da hannu kusan wayam? Domin kuɗin shekarar farko da ta biyu akasarinsu ba su isa rumbun ba. Daga cikinsu ake biyan kamashon wakilin da ya kawo ka, kuma kamasho ya fi kauri a farko. Daga cikinsu ake biyan gwajin likita da aikin ofis. Daga cikinsu ake cire kuɗin haɗarin watannin da ka yi a ƙarƙashin lamuni, domin da ka rasu a cikinsu da an biya. A kan wannan kuma akwai tarar fita da wuri. Shi ya sa yarjejeniyoyi da yawa suke cewa babu kuɗin janyewa sam sai an cika shekara biyu ko uku ana zubi. Mu ƙaddara malamin makaranta yana zuba naira 10,000 a wata, a kan wa'adin shekara 15. In ya kai ƙarshe ya zuba naira 1,800,000. In ya tsaya bayan wata 18 ya zuba naira 180,000, kuma in sharaɗin takardarsa shekara biyu ne, to duk sun tafi. Ba adashi ba ne. A adashi mun saba uwar adashi ta ɗauki zubi ɗaya ladan wahalarta, sauran kuwa naka ne. A nan abin da za a ɗauka ba ya bayyana sai ga wanda ya nemi jadawalin janyewa ya karanta shi shekara bayan shekara.

Kada kuma a zaci kamfanoni ne suka fara bayar da wannan kuɗi don tausayi. A da can, wanda ya kasa biya ko da bayan shekara ashirin, duk abin da ya tara na kamfani ne. Wani Ba'amurke mai suna Elizur Wright ne ya yi ta fama har jihar Masacusets ta yi doka a 1861 wadda ta hana cinye tanadin wanda ya gaza ci gaba da zubi. Haƙƙi ne da aka ƙwato, ba kyauta ba.

Akwai kuma wani abu da yake ba mutane mamaki. A inshorar tsawon rai ta gargajiya, in mutum ya rasu ana biyan adadin alkawari ne, ba adadin alkawari da kuɗin janyewa a haɗe ba. Rumbun yana cikin abin da aka biya. Haka nan garaɓasar da ake rubuta wa mutum kowace shekara, cikakkiyar ƙimarta sai a ƙarshen wa'adi. Wanda ya janye a tsakiya kaɗan daga cikinta zai gani.

Ƙofofin fita

Wanda zubi ya yi wa nauyi yana da hanyoyi, kuma mafi muni a cikinsu ita ce wadda aka fi bi, wato mutum ya daina biya ya yi shiru. Bayan kwanakin rangwame, waɗanda galibi talatin ne, takardar takan mutu. A wasu yarjejeniyoyin kuma kamfani yakan riƙa biyan kansa daga kuɗin janyewarka a matsayin bashi mai ruwa, kai kana gida ba ka sani ba, har rumbun ya ƙare. Hanya ta biyu ita ce ka rubuta takardar janyewa ka karɓi abin da jadawali ya nuna. Ta uku ita ce ka nemi a dakatar da zubi a rage adadin alkawari daidai da abin da ka tara, a biya ka ƙaramin adadin in wa'adi ya cika. Ta huɗu ita ce rancen da kamfani yake bayarwa da jinginar takardar. Wakilai suna yabon wannan ƙwarai, suna cewa ai kuɗinka ne kake ara. In kuɗinka ne, don me ake ɗora maka ruwa a kai? Bashi ne mai kuɗin ruwa ƙarara, kuma in mutum ya rasu bai biya ba, za a zare uwar bashin da ruwanta daga rabon marayunsa.

Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Ko da mutum ya daure ya kai ƙarshen wa'adi, akwai abin da babu takardar da take rubuta shi, wato faɗuwar darajar naira. Manya a cikinmu suna tune da lokacin da litar man fetur take naira 11 a 1994, da lokacin da farashin gwamnati na dalar Amurka yake naira 22. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekarar. Kujerar aikin Hajji ta haura naira miliyan takwas a 2025. Wanda aka yi wa alkawarin naira 100,000 a tsakiyar shekarun 1990 ya ɗauka ya bar wa 'ya'yansa dukiya. Yau da ƙyar ta sayi ragon layya.

Lissafin a buɗe yake ga kowa. In farashi yana tashi da kashi 20 cikin ɗari kowace shekara, darajar kuɗi tana rabewa biyu kafin shekara huɗu ta cika. A shekara 15 kuwa farashi zai ninka fiye da sau 15, ta yadda naira miliyan biyu da aka yi wa malamin nan alkawari ba za ta sayi abin da ya wuce na naira 130,000 na yau ba. Adalci ne mu faɗa cewa zubin da yake yi shi ma yana ƙara sauƙi a kansa da tafiyar shekaru. Amma wannan ba ya share hawayen wanda ya dogara da wancan adadi don kuɗin jami'ar ɗansa. Mutanenmu na karkara da suke sa tanadinsu a ɗan maraƙi daga kasuwar Charanchi ko Mai'adua, ko a buhunan hatsi, ko a fili, ba jahilci ne ya sa su haka ba, ko da yake matsalar tsaro da satar shanu ta sa wannan hanyar ma ta zama mai haɗari a sassan jiharmu.

Sa'an nan alkawari yana tsayawa ne da ƙafar mai yin sa. A watan Yuni na 2022 Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta soke lasisin kamfanonin Niger Insurance da Standard Alliance. A 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai zuwa naira biliyan goma. Duk wanda kamfani ya riƙe wa haƙƙi yana da damar kai ƙara ga wannan hukuma a rubuce.

Matsayin Shari'a

Yanzu da muka ga cikin rumbun, magana a kan hukunci ta yi sauƙi. Malamin Hanafiyya Ibn Abidin, wanda ya rasu a 1836, yana daga farkon waɗanda suka yi magana a kan inshorar kayan jiragen ruwa, kuma bai halatta karɓar diyyarta ba a ƙasar Musulunci. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda a Disamba 1985, sun tafi a kan haramcin inshorar kasuwanci, suka nuna inshorar taimakon juna a matsayin mafita. Hujjojinsu uku ne: akwai garar mai yawa, wato ciniki a kan abin da ba a san adadinsa ko lokacinsa ba; akwai kama da caca, domin ribar ɓangare ɗaya hasarar ɗayan ce; akwai kuma kuɗin ruwa, ta fuskar musayar kuɗi da kuɗi da fifiko da jinkiri, da ta fuskar inda ake juya dukiyar. Amana ce ta ilimi mu ambata cewa Shaihu Mustafa al-Zarƙa, babban malamin fiƙihu na ƙasar Sham, ya saɓa wa jamhuru, yana ganin asalin tsarin inshora halal ne matuƙar an tsarkake shi daga kuɗin ruwa. Sai dai ko a kan ra'ayinsa, kuɗin janyewa da aka yi wa lamunin ƙari tabbatacce, wanda aka shayar da ruwan takardun bashi, bai kuɓuta ba. Abin da muke gani shi ne cewa sashen tanadi na inshorar rai shi ne inda matsalar kuɗin ruwa ta fi fitowa fili.

To, wanda ya riga ya shiga fa? Malaman da suka haramta sun ce ya fita, ya karɓi uwar kuɗinsa, daidai da ƙa'idar da aya ta 279 ta Suratul Baƙara ta shimfiɗa game da wanda ya tuba daga mu'amalar kuɗin ruwa. In abin da aka ba shi ya zarce abin da ya zuba, ya fitar da ƙarin ga matalauta ko ayyukan amfanin jama'a, da niyyar tsarkake dukiyarsa, ba ya bar wa kamfani ba. A nan ne sanin adadi ukun nan yake zama wajibi, domin wanda bai ajiye rasiɗansa ba ba zai san ina uwar kuɗi ta tsaya ba. In kuma abin da za a ba shi ya gaza zubinsa, sai ya kai jadawalinsa ga malami masani su duba tare, ko janyewa nan take ce ta fi, ko dakatar da zubi har ya kai ga karɓar uwar kuɗinsa. Fatawa a nan ta takarda ce bayan takarda, ba a yi mata kuɗin goro. Game da zakka kuwa, malamai da dama na wannan zamani suna ganin a haɗa halattaccen sashen da mutum yake iya karɓa da sauran dukiyarsa kowace shekara, wasu kuma suna ƙiyasta shi da bashi, wanda a mazhabar Malikiyya ake fitar masa da zakkar shekara ɗaya ranar da aka karɓe shi.

Takaful ita ce mafitar da malamai suka nuna. An kafa kamfaninta na farko a Sudan a 1979, Maleshiya ta yi mata doka a 1984, a Nijeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016. A takaful ta iyali ana raba zubi gida biyu: kashi ɗaya tabarru'i ne, wato gudummawa ga asusun da ake taimakon iyalin wanda ya rasu, ɗayan kuma asusun jarinka ne da ake juyawa ta hanyar halal bisa mudaraba ko wakilci. In ka janye, abin da ke asusun jarinka za a ba ka. Gudummawa ta riga ta tafi, ladan wakilci ma haka. Saboda haka kada wani ya ji sunan Larabci ya ajiye hankalinsa. Wanda ya fita daga takaful da wuri shi ma yana iya samun ƙasa da zubinsa, kuma faɗuwar naira ba ta tambayar sunan kamfani. Ya tambaya kashi nawa ne na tabarru'i, nawa ne ladan kamfani, yaya ake raba riba da rarar asusu, su wane ne malaman da suke sa ido. A ba shi amsa a rubuce kafin ya sa hannu.

Saura magana ɗaya mai nauyi, ita ce ta gado. A fom ɗin shiga akwai gurbin da ake rubuta sunan wanda za a miƙa wa kuɗi in mutum ya rasu. Kamfani zai biya wanda aka rubuta ya wanke hannunsa, amma wannan bai mayar da dukiyar tasa ba. Abin da mamaci ya tara da zubinsa yana cikin abin da ya bari: a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba a yi ta ga magaji ba, sa'an nan a raba saura bisa fara'ili. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta bayyana tun 1973 cewa wanda aka rubuta sunansa amintacce ne kawai da zai karɓa ya raba. Game da abin da yake fitowa daga asusun tabarru'i, malamai sun saɓa, wasu sun halatta a keɓe shi ga wanda aka ambata a matsayin kyauta mai sharaɗi. A gidajenmu na Katsina, inda mutum yakan bar mata biyu ko uku da 'ya'ya ɗaki-ɗaki, rubuta sunan uwargida ko babban ɗa ba tare da bayani ba yana iya raba zumuncin da ba zai sake haɗuwa ba. Mai irin wannan takarda ya rubuta a wasiyyarsa sunan kamfani da lambar takarda da jimillar abin da ya zuba, ya bayyana cewa wanda aka ambata wakilin magada ne, ya kafa shaidu biyu, ya kuma sanar da iyalinsa inda takardar take, domin ba a saba ganin kamfani ya zo zaman makoki yana cigiyar magada ba.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.